Akushin da Ba Mu Taɓa Buɗewa Ba

A unguwarmu, kafin korona, magidanci ba ya cin tuwon dare a cikin gidansa. Ƙauyenmu yana gefen hanyar da ta tashi daga Kazaure ta nufi Roni, a gindin duwatsu, kuma tun ina yaro na tarar ana ciyayya. Da an sallame sallar magariba kowa zai shiga gida ya ɗauko kwanonsa, a haɗu a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci. A shimfiɗa tabarmi, a jera kwanuka a tsakiya. A buɗe ɗaya, hannuwa su shiga, a cinye, a jawo na gaba. A nan kake sanin gidan da aka iya miyar kuka da gidan da daddawa ta ƙare, amma ba a faɗa sai da wasa.

Ni manomi ne da damina, da rani kuma ina facin taya a bakin titi. Sai da furfura ta fara fito min na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma har yanzu a hankali nake rubutu. Abin da na daɗe ina so in rubuta shi ne labarin Alhaji da akushinsa, don yaran da ke tasowa yanzu ba su san shi ba.

Alhaji shi ne babba a cikinmu. Asalinsu Barebari ne, kakansa ne ya zo daga gabas ya zauna a nan. A zamaninsa falke ne na gaske, yana loda hatsi ya bi ta Babura ya shiga Nijar, ya dawo da shanu da kanwa. Mahaifina ya sha ba ni labarin wata shekarar fari da rabin unguwa suka riƙa cin tuwo a zaurensa, ba ya ko tambayar ɗan wane ne wannan. Daga baya abubuwa suka juya. Kaya suka salwanta a hanya, gonaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ƙarfin jiki ma ya bi su. Ya rage daga shi sai matarsa Hajiya a wani babban gida da ɗakunansa ke zubewa. Ɗansu namiji yana Kurmi yana buga-buga, 'yarsu tana aure a wajen Gwiwa.

Ni ban san lamarin ya kai haka ba, domin na yi shekaru a Kano, sai bayan rasuwar mahaifina na dawo gida na zauna. Ranar da na fara fita ciyayya na ga Alhaji ya taho da wani baƙin akushi, tsoho, an rufe shi da faifai, ya riƙe shi da hannu biyu. Ya ajiye shi a gefen tabarma. Muka cinye kwanuka uku, na ga akushin ne kusa da ni, sai na miƙa hannu zan ɗaga faifan. Kafin yatsuna su kai, na ji hannun Liman a kan gwiwata, ya danna da ƙarfi.

Alhaji ya ce, "Nawa da zafi, ɗana. A bar shi ya huce."

Akwai wani Bafulatani da ya daɗe da zama cikinmu, muna ce masa Ardo ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Fulani da Barebari abokan wasa ne, shi da Alhaji kuwa ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Ardo ya ce, "Kai yaro, rabu da shi. Tuwon Babarbare ai sai gobe yake hucewa." Aka yi dariya, aka jawo wani kwanon.

A hankali na gane yadda abin yake. Akushin nan babu komai a cikinsa, kuma kowa ya sani. Matan unguwa ma sun sani, shi ya sa kowace takan ƙara malmala ɗaya a kwanon mijinta. In an kusa gamawa sai a fara janye hannu, a bar saura a kowane kwano. Sai Ardo ya miƙe yana miƙa, ya ce, "Sauran nan a kai wa akuyar bawana." Mu duka mu tashi mu tafi jikin bangon masallaci mu yi alwalar isha'i, kowa ya juya wa tabarma baya. In muka dawo kwanuka sun zama fayau, akushi yana rufe yadda yake. Akuyar kuwa an daɗe da sayar da ita, turkenta kawai ya rage a tsakar gida. Abin da ya shiga akushin shi ne tuwon daren Hajiya, shi ne kuma ɗumamensu na safe. Shekara da shekaru haka ake yi, ban taɓa jin wani ya faɗe shi da baki ba.

Da aka fara maganar korona a rediyo, dariya muka riƙa yi. Muka ce cutar masu hawa jirgi ce, mu da ko filin jirgin ba mu sani ba ina za ta gan mu. Sai wata rana malaminmu na yaƙi da jahilci ya zo aji da bokiti da sabulu maimakon alli. Ya nuna mana yadda ake wanke hannu har tsakanin yatsu, ya ce cutar ta fi kama tsofaffi, sannan ya ce an rufe aji sai yadda hali ya yi. Ba a jima ba labari ya fara zuwa daga Kano, yau wannan dattijo gobe wancan. Aka tare hanya, aka hana cin kasuwa, aka hana taro. Titin da nake faci a bakinsa ya yi tsit, har kana jin kukan kurciya daga kan dutse. Aikin da nake samu sai na 'yan acaɓa masu satar hanya ta daji da fasinja, ƙaya tana huda musu taya.

Ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi, Liman ya jira muka gama cin abinci, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kun ji abin da hukuma ta ce. Ga mu nan hannu da yawa a kwano ɗaya, kuma rabinmu tsofaffi ne. Daga yau kowa ya ci a gidansa, har Allah ya yaye mana."

Kowa ya zuba wa tabarma ido, don kada idonsa ya faɗa kan akushi. Alhaji ne ya fara magana.

"Gaskiya Malam ya faɗa. Ni dama na gaji da miyar gidan Ardo, kullum sai ka tsinci gashin saniya."

Ardo ya ce, "Ji ɗan rainin wayo. Kai da kakana ya sayo kakanka da ƙwaryar nono, har ka samu bakin kushe miya?"

Muka yi ƙoƙarin yin dariya, ba ta fito sosai ba. Ranar mun daɗe a wajen alwala fiye da kullum. Ni sai da na wanke ƙafata ta dama sau ba adadi.

Da na shiga gida na gaya wa matata. Ta ce, "Malam, kada ka damu. Mu mata muna da tamu hanyar." Washegari da magariba ta saka hijabi, ta ɗauki kwanon tuwo ta kai wa Hajiya, ta ce sabuwar kuka ta samu tana so a ɗanɗana mata. Hajiya ta karɓa, ta sa mata albarka. Na yi barci da daɗi a daren.

Da safe kwano ya dawo a wanke, da ƙullin daddawa a ciki. A wajenmu ba a mayar wa maƙwabci kwano haka nan, sai an saka wani abu ko yaya yake, kuma mu duka mun san wannan, amma ba wanda ya tsaya ya yi tunaninsa. Matata ta sake kaiwa, aka dawo da ƙwai biyu. Sauran matan unguwa suka ga hanya ta buɗe, su ma suka fara aikawa. Kowane kwano ya shiga gidan sai ya fito da wani abu. Garin kuka, ɓarin sabulu, ludayi, tsintsiya. Da kayan miya suka ƙare aka koma kayan ɗaki. Wata safiya matata ta buɗe kwanonmu ta ga ƙaramin tandun kwalli na fata, wanda ta san Hajiya da shi tun tana yarinya. Ta zauna a bakin murhu tana juya shi a hannu.

Ta ce, "Malam, kwashe musu gida muke yi. Jiya na leƙa ɗakinta, jeren tasoshinta ya yi gibi. Kazarta ɗaya da ta rage ma an kai gidan Liman da ƙafa a ɗaure."

Ta mayar da tandun da kanta, ta durƙusa ta ce, "Hajiya, don Allah ki daina saka komai. Ni 'yarki ce."

Hajiya ta dube ta, ta ce, "To in ban saka ba, me kika kawo min ke nan? Sadaka?"

Matata ta miƙe ta fito. Ta dawo da tandun a hannunta tana kuka. Daga ranar mata suka daina aikawa. Da hatsin tallafi ya zo aka yi layi a filin makaranta, mai unguwa ya aika a kira Alhaji. Ya ce a gaida mai unguwa, a ba mabukata.

Ardo ne ya samo mafita, kuma shi kaɗai ne zai iya. An riga an shiga azumi, ga zafin bazara. Ana gab da shan ruwa sai ga shi da babbar ƙwaryar fura da nono a ka, ya naɗe baki da hanci da jelar rawani. Ya tsaya a ƙofar zauren Alhaji daga nesa, ya ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji.

"Kai bawa! Fito ka kwashe wannan, 'yan maruƙana sun ƙi sha. Na rasa inda zan zubar, na tuna ina da Babarbare."

Daga ciki Alhaji ya ce, "Ajiye nan, ɗan daji. In akuya ta ƙi, na aiko maka da abinka."

Da safe Hajiya ta saka wani abu a ƙwaryar kamar yadda ta saba. Ardo ya ɗauka ya cilla shi ta kan katanga, yana cewa, "Tun yaushe ubangida yake karɓar tukwici a hannun bawansa?" Muka ji dariyar Alhaji daga cikin gida, dariya ta gaske, har da tari. Abin da aka ba ka da zagin wasa ba sadaka ba ne, ba kuma kyauta ba ce da za ka rama. Daga nan sai muka mayar da kwanukanmu gidan Ardo. Tuwon matata da ƙosan gidan Liman duk su shiga ƙwaryar nan, a ɗora fura da nono a gefe, Ardo ya ɗauka ya tafi yana shirya sabon zagi a hanya. Wata rana ya ce karensa ne ya bari, wata rana ya ce zakkar bayi ya fitar. Na ɗauka mun tsira.

Amma Ardo bai zauna a gida ba. Yana da shanu, kuma shanu ba su san doka ba. Yakan je wata kasuwar ɓoye da ake ci a daji ya sayar da ɗan maraƙi ya sayo dusa. Azumi ya raba tsakiya ke nan zazzaɓi ya kama shi, sai tari, sai numfashi ya fara yi masa wuya. Aka sayo magani a kemis. Ba wanda ya zo ya gwada shi, don haka ba zan ce ga sunan abin da ya kashe shi ba. Mutum mai ƙarfi wanda yake kayar da bijimi, cikin 'yan kwanaki ya tafi.

Mu kaɗan ne a jana'izar, kowa ya tsaya nesa da ɗan'uwansa. Ba musabaha, ba zaman gaisuwa. An aika wa Alhaji cewa kada ya fito, amma muna cikin mayar da ƙasa sai ga shi yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin kabarin ya daɗe. Da muka shafa addu'a na ji yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ka riga ni, ɗan daji. Yanzu wa zai zage ni?"

Ba kowa. Duk unguwar babu wani mai wasa da shi. Liman abokinsa ne na mutunci, mu kuwa sauran 'ya'yansa ne, ko sunansa ba ma iya faɗa. Ranar nan da magariba na zauna a tsakar gidana da kwano a gabana, na kai loma baki ta ƙi wucewa. Washegari ma haka. Daga inda nake ina hango saman gidan Alhaji, ban ga hayaƙi ya tashi ba.

A rana ta gaba na ɗauki kwanon na fita. Na yi sallama a zaurensa, ya amsa daga inda yake zaune a kan buzu.

"Lafiya, ɗana? Me ka ɗauko?"

"Baba, tuwo ya ƙi wuce min ni kaɗai. Na saba da hannun mutane a kwano."

Ba ƙarya na yi ba. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya dafa bango ya miƙe ya shiga gida. Ya dawo da akushi a hannu biyu, da faifansa a kai, ya ajiye a gefe. Ni kuwa na riga na shirya yadda zan yi. Na zauna can bakin ƙofa inda iska ke shigowa, na tura kwanon gabansa, da nufin ya ci ya rage min. Bai taɓa ba.

"Ɗana, ciyayya ka zo, ko kawo min ka yi?"

"Ciyayya, Baba."

"To matso."

Na san abin da hannuna ya wuni yana taɓawa. Na san 'yan acaɓan da suke tsayawa a kaina suna tari, waɗanda suka fito daga Kano ta daji. Na tuna bokitin malaminmu da abin da ya ce game da tsofaffi, na tuna ƙasar da muka mayar a kan Ardo. Sannan na dubi Alhaji. Zoben azurfarsa da yake sawa a ƙaramin yatsa ya koma na tsakiya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A bayan labulen ƙofar cikin gida na ji motsin Hajiya. In na zauna a bakin ƙofa ba zai ci ba, ita ma ba za ta ci ba. In na matsa, ban san abin da zan ba shi tare da tuwon ba.

Na fita waje na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, yadda aka koya mana. Na dawo na zauna a gabansa, muka yi bisimilla.

Ya ce, "Fara da naka. Nawa da zafi."

Haka muka ci gaba har azumi ya ƙare. Matata takan cika kwanon ta danna. Ni in ci kaɗan, ina kawar da fuska gefe in zan yi numfashi, sannan in ce na ƙoshi, sauran na akuya ne, in ɗauki buta in fita. A waje nakan tsaya ina kallon dalbejiyar masallaci, ba kowa a gindinta sai awaki. Wani lokaci yakan ba ni labarin hanyar Nijar, da yadda ake gane kanwa mai kyau da harshe, da ranar da Ardo ya fara zuwa garin da sanda da buta, wai ko gaisuwar Hausa bai iya ba. Fuskarsa ta ɗan ciko. Salla ta zo ta wuce kamar ba ita ba, ba yawon gaisuwa, yara ma ba su zaga gidaje ba.

Bayan Salla da 'yan kwanaki, na shiga zauren da kwano, sai ya ce, "Yau matarka ta sa man shanu. Tun kana ƙofa na ji."

Ni ban ji komai ba. Na buɗe kwanon, na ga man yana kwance a kan miya, na sunkuya na shaƙa, kamar ruwa nake shaƙa. Na kai loma baki, ba gishiri ba yaji. Na riga na ji a rediyo abin da wannan yake nufi. Hannuna yana cikin kwanon, nasa ma yana ciki. Na janye nawa a hankali.

"Har ka ƙoshi?"

"Na ƙoshi, Baba."

Kafin gari ya waye zazzaɓi ya rufe ni. Na kulle kaina a ɗaki, matata tana ajiye min abinci a bakin ƙofa. Ƙirjina kamar an ɗora masa dutsen niƙa. In na ɗan farfaɗo abin da nake tambaya ta bayan ƙofa shi ne, an kai wa Baba? Ita ba ta isa ta shiga gidansu ba, tunda daga gidan mai ciwo take. Ta gwada zuba tuwo a leda, babu kwano balle a rama, ta rataye a ƙusar ƙofar zaurensa ba wanda ya gan ta. Da safe aka ga ledar a rataye a reshen dalbejiya, yadda ake yi wa abin tsintuwa don mai shi ya gani. Na ce ta aika wa Liman. Aka ce 'ya'yansa sun hana shi fita ko ƙofar gida. Sauran kuwa tsoro ya kama su. Magana ta zaga unguwa cewa cutar 'yan tabarmar nan take bi ɗaya bayan ɗaya, ga Ardo, ga mai faci. Masu wucewa ta ƙofar gidana har tsallaka hanya suke yi. Ban riƙe kowa a zuciya ba, kowa yana da 'ya'ya.

Ranar da na iya tsayawa da ƙafafuna, an riga an yi ruwan shuka, mutane suna gona. Na sa matata ta dama kunu, na ɗaure fuska da takunkumi, na tafi ina dafa bango. Na yi sallama, ba a amsa ba. Sai muryar Hajiya daga bayan labule ta ce in shiga, yana kwance.

Yana kan buzunsa a zaure, an tokare masa baya da matashi. Numfashinsa yana fita da ƙara. Akushin yana wajen kansa, a rufe. Ya buɗe ido ya gane ni.

"Ka tashi, ɗana? Alhamdu lillahi. Na ce ko kai ma ka bi ɗan dajin nan ne."

"Baba, bari in nemo mai a-daidaita mu tafi asibiti Kazaure."

Ya girgiza kai. Ya ce ya ji waɗanda ake tafiya da su ba a barin nasu su gan su. "A nan za ku wanke ni," in ji shi. Na roƙe shi, na sake roƙo, ya rufe ido. Can sai ya ce, "Ka zo da kwanonka?"

"Na zo da shi, Baba. Kunu ne."

Na ɗebo a ludayi na kai bakinsa. Ya kawar da kai, ya nuna ni da yatsa. Sai na gane. Na sauke takunkumin, na juya gefe na kurɓa, na ɗauraye ludayin, na sake ɗebowa. Sannan ya sha. Ya sha kaɗan, ya ce ya ƙoshi. Ya ɗora hannu a kan faifan akushinsa.

"Nawa a bar shi ya huce."

"To, Baba."

Washegari da hantsi ya rasu. Ni da Liman muka wanke shi, don a ranar Liman ya ture 'ya'yansa ya fito. Jikinsa ba nauyi. Har yau ban sani ba ko cutar ce, ko yunwar kwanakin da na yi a kwance ce, ko su biyun ne suka haɗu. In cutar ce, ban sani ba ko daga hannuna ta fito. Da aka buɗe aji na tambayi malaminmu, ya ce ba mai iya sani. Na bar wa Allah.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya biyo baya. Abincin gidan makoki ba a rama shi, kowa ya san wannan. Tun ranar da aka binne shi kwanuka suka fara shiga gidan, daga kowane gida na unguwa, har daga gidajen da suka tsallaka hanya. Tuwo, shinkafa da wake, dambu, fura. An jera su a tsakar gida, a kusa da turken akuya, har ba wurin taka ƙafa. Ɗansa bai samu hanyar zuwa daga Kurmi ba, masu zuwa gaisuwa kuma ba sa zama, don haka babu mai ci. Ranar sadakar uku na shiga don in fitar da wasu a raba kafin su lalace. Hajiya tana cikin ɗaki, ta ji motsina.

"Mai faci ne?"

"Ni ne, Hajiya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya." Sannan ta ce, "Ka ga abinci?"

"Na gani."

"Ka gaya wa mutanen tabarma akuya ta gode. Duk shekarun nan ta gode."

Na ɗauki kwanuka biyu na fita, na tsaya a zaure har idona ya washe.

Ciyayya ba ta dawo ba. Da aka sake hanya aka buɗe kasuwa, Liman ya sa aka shimfiɗa tabarmi, mutum uku ko huɗu muka fito na ɗan lokaci. Wasu sun saba da ci a cikin gida. Sai kuma tsadar abinci ta zo, kowa ya fara jin nauyin a buɗe kwanonsa a gaban mutane. Yanzu mai shayi ne a gindin dalbejiyar. Nakan duba fuskokin dattawa a sahun salla in ga wanda wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, amma ban san ta inda zan bi ba.

Da Hajiya ta gama takaba, 'yarta ta zo da mota ta tafi da ita Gwiwa. Kayanta ba su cika bayan motar ba. Kafin su tashi ta aiko a kira ni, ta miƙo min akushin da hannu biyu, faifan yana kai. Ta ce, "Wannan ba tukwici ba ne. Riƙe kawai."

Na kawo shi gida a haka, na ajiye a tsakar gida. Matata ta dube shi, ta ce ya yi ƙura, bari ta wanke shi kafin a adana. Ta durƙusa ta kai hannu kan faifan.

Na ce ta dakata tukuna. Na ɗauki buta na fita waje.